Toron Baba da Farar Agwagwar Goggo

Ranar da Goggo ta kawo mini agwagwarta, ruwan farko bai fi kwana uku da sauka ba. Goggo ƙanwar mahaifina ce. A Dosara ta yi aure tun ban zo duniya ba, a can ta haifi 'ya'yanta, a can mijinta ya rasu. Da zaman ƙauyen ya gagara saboda 'yan bindiga, yau a kwana a gida gobe a kwana a daji, sai ɗanta ya kama ɗaki a cikin garin Maradun ya ce ta dawo wurinsa. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, tsakar gidan ta kowa da kowa ce, babu inda za a ajiye ko kaza. Shi ya sa ta biyo mota har Mafara da kwando a kan cinya, an rufe bakinsa da tsohon zane.

A gindin darbejiyar gidanmu ta buɗe kwandon. Agwagwar fara ce sol, in ban da ɗan ɗigon baƙi a tsakar kai, 'yar ƙarama mai tsabta. Na gane irin nan take. Duk wanda ya taɓa shiga gidan Goggo ya san fararen agwaginta. Kakarmu ce ta ba ta ta farkon lokacin da aka kai ta ɗakin miji, tun daga nan kuma ba a taɓa rasa su a gidan ba. Sauran duk sun tafi a cikin gudun nan, wasu an sayar a tsaye, wasu an baro su suna kiwo a fadama.

A wurinmu in mace ta ba ki kiwo, rabo ake yi. In an ƙyanƙyashe a raba 'ya'yan biyu, uwar kuma tana nan ta mai ita. Na soma yi mata wannan maganar, sai ta ɗaga mini hannu.

"Ba rabo ya kawo ni ba, ɗiyata. Ita ɗai tar rage man. Ki riƙa man ita, kar iri shi ɓace. Ran da anka samu lahiya, da ita za ni koma gida."

Na ce ta kwantar da hankalinta, da bakin nan nawa mai saurin alkawari. Har cika baki na yi cewa kafin kaka za ta zo ta tarar da tsakar gidana ta yi fari. Ta ci tuwo, ta yi azahar, ta koma tasha tun rana tana sama, don hanyar Maradun ba ta yamma ba ce.

A lokacin agwagi shida gare ni, mata uku, toro uku. Duk mai kiwon da ta san abin da take yi za ta gaya miki wannan wauta ce, toro ɗaya ya ishi mata biyar. Ni ma na sani, kwaɗayi ne ya ja ni. Samarin biyu na ƙyanƙyasar bara ne, na bar su su yi nama saboda Sallah, 'yan uwansu mata kuma na rarraba wa dangi kiwo. Ga shi biyu daga cikin matan sun shiga kwanci, sati biyar za a yi ba mai ganinsu sai in sun fito shan ruwa. Wato dai na sako baƙuwa a tsakanin toro uku da mace ɗaya, a farkon damina, lokacin da ba abin da ke kansu sai bin mata.

Babban toron shi ne masifar, kuma shi ne wanda ba ni da ikon taɓawa. Surukina ne ya kawo shi, mahaifin maigida, wanda nake kira Baba, manomin shinkafa ne a Bakura. Kwana huɗu da haihuwata ta fari ya zo da shi a bayan mashin. Ina ɗaki ina fama da ruwan zafi da kunun kanwa, ban ma ga zuwansa ba. Da na samu fitowa na tarar da wani ƙaton baƙin toro yana taƙama a tsakar gida, aka ce mini Baba ne ya kawo miki. Ba wanda ya ƙara kalma a kai. Ina da agwagi mata biyu lokacin babu namiji, sai na ɗauka ya lura ne ya cike mini gurbin, na ji daɗi har cikin raina.

Tun daga nan, duk ranar Talata in Baba ya shigo cin kasuwa sai ya biyo ta gidanmu da hantsi. A shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin maigida, in zo in durƙusa can gefe, mu gaisa. In an gama gaisuwa tsaf sai ya ɗan waiga ya ce ina toro. Ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya ce ya yi kyau, kin iya kiwo. Shekara biyu muna haka. To ki gaya mini, wace surukar ce za ta ɗaga wuƙa a kan abin da uban mijinta yake tambaya duk sati? Kai shi kasuwa kuwa ba ma abin tunani ba ne, kasuwar da shi Baban yake zagayawa layi-layi.

Ban taɓa son toron nan ba, gara in faɗa tun yanzu. Ya ninka kowace mace a gidan nauyi. Fuskarsa duk jan nama ne mai gudaji-gudaji har ya kusa rufe idanun, in ransa ya ɓaci gashin kansa ya miƙe tsaye. Ba ya kuka, huci kawai yake yi, yana miƙa wuya gaba yana janyewa, yana kaɗa wutsiya. Faratansa sun taɓa tsaga mini hannu daga wuyan hannu har gwiwa ranar da na je ɗaukar kwanon dusa, tabon yana nan.

Kwana biyun farko na rufe baƙuwar a akurki don ta saba da gida. Na kuma yi mata wata gata da nake ganin hikima ce. Na ce agwagwar da ta tashi a bakin fadama ba za ta ji daɗin ɗan kaskon ruwan da nawa suke tsoma baki a ciki ba, sai na sa aka yanka mini duro gida biyu, aka haƙa rami a bayan ɗakin girki aka binne rabin, na cika shi da ruwa. Zurfinsa ya kai gwiwata, gefensa kuma santsi ne a miƙe. Ranar da na sake ta, kai tsaye ta faɗa ciki tana wanka tana karkaɗa fukafukai, na tsaya ina kallo ina yaba wa kaina.

Ba ta gama bushewa ba toron nan uku suka taso mata. Wanda bai taɓa ganin yadda toro yake hawan mace ba zai ɗauka kashe ta zai yi. Zai bi ta da gudu har ta gaji, ya kama gashin ƙeyarta da baki, ya danne ta da ƙirji har kanta ya shige ƙasa, faratansa a cikin bayanta. Haka Allah ya halicce su, kuma in toro ɗaya ne a cikin mata da yawa, kowace tana samun hutu. Amma nan babban yana sauka samarin za su rufa mata, shi kuma ya juyo ya kore su ya sake hawa, don dai su san gidan nasa ne. Na ƙirga sau bakwai a wuni guda kafin in daina ƙirgawa. Tawa macen da ta rage ta san gari, tana ganin sun taso take tashi ta haye katanga ta yi zamanta. Ita kuwa ta Goggo an yanke mata gashin fiffike ɗaya saboda tafiya, ba ta iya tashi.

Cikin sati guda ƙeyarta ta zama jan nama. Bayanta ya yi sanƙo, ƙafar hagu ta soma ɗingishi, ido ɗaya yana ruwa. Ta daina zuwa wurin dusa, sai ta shige tsakanin itacen girki da bango ta lafe. Kullum da safe in kamo ta in wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, in shafa man kaɗanya, ina jin zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna. Tsoro ya kama ni sosai, don amanar tsohuwa ce take lalacewa a gabana.

Samarin ba su ba ni wahala ba. Ban jira Sallah ba, na sa aka yanka ɗaya, ɗayan na aika wa yayata a Jangebe. Na ɗauka an gama. Ashe rage masa abokan faɗa na yi, ƙarfin da yake kashewa wajen korarsu duk ya dawo da shi kanta. Ko kallon tawa ba ya yi. Farar nan kawai yake nema, in na rufe ta a akurki ya wuni yana zagaye shi yana huci, yana cusa kai ta tsakanin karare har ya fasa gefe guda.

Na kai wa maigida maganar. Na ce ya yi wa Baba bayani, ko a mayar da toron Bakura, ko a musanya mana da ƙarami. Maigida mutum ne da in kika kawo masa magana mai ƙaya sai ya tuna bai yi alwala ba. Ya ce abin agwagi ne, za su saba. Na ce ba za ta kai lokacin sabon ba. Ya ce to shi da wane baki zai dubi mahaifinsa ya ce kyautarka ta ishe mu, ki dai yi dabara irin taku ta mata. Na ce masa dabarar mata ba ta ɗaure toro, ya yi dariya ya ɗauki butarsa. Na wuni ban yi masa magana ba, shi kuma ko a jikinsa.

Daga baya dai ɗaure shin na yi. Na kafa turke a gindin darbejiya, na sa masa igiya a ƙafa kamar ɗan akuya, bayan mun yi kokawar da ta bar ni da sabon ciwo a yatsa. Gidan ya yi shiru. Farar ta soma fitowa tana ɗingisawa zuwa wurin dusa, tana shiga duronta ta yi wanka. Gashi ya fara tsirowa a ƙeyarta, ƙanana kamar ƙaya.

Talatar farko Baba ya zo ya tarar da shi a turke. Da muka gama gaisawa ya waiga, ya daɗe yana kallon igiyar. Bai yi faɗa ba, ba ya faɗa. Cewa kawai ya yi igiya tana kashe wa agwagwa ƙafa. Na ce to, Baba. Kunya ta rufe ni kamar an kama ni ina dukan ɗan wani. A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce Baba ga abin da ake ciki, amma ban taɓa yi masa magana da ta wuce amsa gaisuwa ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Sai na ɓullo da wani tsari, wanda yanzu in na tuna nake jin haushin kaina. Kwana shida toro yana turke, farar tana yawo. Ranar Talata da sassafe in kama farar in rufe a ɗakin girki, in jingina turmi a jikin ƙofar langa-langar, in kwance toro in ɓoye igiyar. Baba ya zo ya gan shi yana taƙamarsa, ya ce ya yi kyau, ya tafi kasuwa, ni kuma in sake kokawar ɗaure shi. Abin da ban lura da shi ba shi ne, toron da ya yi kwana shida a ɗaure yana kallon mace tana wucewa ta gabansa, ranar da aka sake shi ba hankali a jikinsa.

Duk ranar Juma'a Goggo takan sa ɗanta ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce, ko ta fara ƙwai. Agwagwar da ake wa wannan azaba ina ta ga ƙwai? Sai in ce saura kaɗan, Goggo, tana dai sabawa da wuri. Ban taɓa gaya mata ƙeyar ba, ban gaya mata ƙafar ba. Ita kuma ta yi ta ba ni shawara, in ajiye mata tsohuwar tukunya a kife a wuri mai duhu, irin nasu ba sa son a ga inda suke zubawa. Na ajiye tukunyar a lungun ɗakin girki. A sati na shida na ga farar ta fara leƙa cikinta tana jan ciyawa da baki, na ce alhamdu lillahi, Juma'a mai zuwa ina da labari.

Talatar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da laka. Na makara. Yarinyata tana zazzaɓi, na goya ta, ina dama kunu a gurguje sai na ji tsayuwar mashin a ƙofar gida, Baba ya yi sammako. Maigida ya riga ya fita. Na bar kunun, na kamo farar na rufe ta a ɗakin girki na jingina turmi, na kwance toro da sauri, na cusa igiyar a ƙarƙashin tabarmar shanya, na koma ɗakin girki na janye turmin na ɗauko kwanon kunun. Na tura ƙofar da ƙafa. Turmin ban mayar da shi ba, hannuwana biyu suna riƙe da kwano, ga sallama ana yi karo na biyu.

Na shimfiɗa tabarma, na ajiye kunu, na koma gefe na durƙusa, na ja mayafi na sunkuyar da kai. Gaisuwar Baba ba ta gaggawa ba ce. Yakan bi ta daki-daki, ya tambaya ya saurari amsa, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ɗauko ta gaba. An tashi lahiya, lahiya lau. Ya gajiya, babu gajiya. Ya ruwa, ruwa ya yi gyara. Muna kan ya mai jiki, don ya ga yarinyar a bayana, sai na ji ƙarar langa-langa tana jan ƙasa.

Na san ƙofar ce. Na san kuma inda farar za ta nufa, don duk safiya duron take fara zuwa. Daga inda nake durƙushe ba na ganin bayan ɗakin girki, amma ina ganin gindin darbejiya ta wutsiyar ido, kuma toron da yake tsaye a wurin yanzun nan ba ya nan.

Baba yana tambayar ko an ba yarinyar magani. Na ce an ba ta. Ya ce Allah shi ƙara sauƙi, na ce amin. Sai na ji faɗawar abu mai nauyi a ruwa, sannan fukafukai suna dukan gefen duro, ƙarfen yana amsawa. A ƙasa in ya danne ta, ƙasa ce take tare ta, tana samun numfashi ta gefe. A cikin duron nan babu abin da ƙafarta za ta taka, kuma kanta yake dannawa.

Ba a tashi a bar suruki da gaisuwa a baki. Tun ina yarinya aka koya mini, kuma ban taɓa ganin wadda ta yi ba. Na ce a raina saura tambaya uku, mutanen gida, labarin su Goggo, sai addu'a, in ya gama in nemi izini. Ya tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ina amsawa ban san me nake faɗa ba. Dukan ruwan ya yi ƙarfi, ya ragu, ya sake tashi. Baba kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin komai. Ya ɗauki ludayi ya juya kunun, ya ce ya labarin mutanen Maradun, suna dai lahiya. Daidai nan ƙarar ta koma ta fiffike biyu kawai, masu nauyi, a hankali. Na ƙananan na daina jin su.

Na bar shi da gaisuwar a baki. Na miƙe na ruga, mayafina ya faɗi a laka, yarinya tana kuka a bayana. Na tarar da shi a kanta, ya cika bakin duron, ba a ganin komai nata sai gefen fiffike fari a ƙarƙashin ruwa. Na cafki wuyansa da hannu ɗaya, fiffike da ɗayan, na fizge shi na maka da bango. Abin da ya fito daga bakina ban shirya shi ba.

"Tsinanne, Allah wadaran ranar da aka kawo ka gidan nan."

Na tsamo ta. Ta yi nauyi, wuyanta ya saki, ruwa yana zuba ta hanci. Ƙeyar da ta fara warkewa ta sake buɗewa. Na juyo da ita a hannu sai na ga Baba tsaye a kusurwar ɗakin girki, ya biyo ni, kuma wannan karon ya ji. Ga ni kai ba mayafi, zane ya jiƙe, na gama tsine wa ranar da ya yi mini kyauta. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bai dube ni ba. Ya karɓi agwagwar, ya kama ƙafafunta ya juya kanta ƙasa, yana matsa ƙirjinta a hankali da babban yatsa. Ruwa ya fito, ta ja numfashi guda mai ƙara, ta buɗe ido. Na ce ta tashi, Baba, ta tashi. Ya kwantar da ita a kan busasshen buhu, ya tallafi kan, ya saki. Kan ya faɗi gefe. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Ya shafa wuyan da yatsu ya tsaya a wuri guda.

"Wuyan ya karye. Kawo wuƙa, ɗiyata, tun da sauran rai."

Na ce ba tawa ba ce, Baba, amana ce, ta Goggo ce ta Dosara, ita kaɗai ta rage mata. Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi masa. Na ce a bari mu gani ko zuwa azahar. Ya ce ba za ta kai azahar ba, in kuma ta mutu a haka mushe ce, sai dai a jefar a bola, in zaɓa wa tsohuwar wanda ya fi. Na tsaya ina kallon ƙirjinta yana ɗagawa da ƙyar. Sannan na shiga na ɗauko wuƙar. Ya fuskanci alƙibla ya yi bisimilla, ni kuma na juya baya ina jijjiga yarinya ina kuka.

Da ya wanke hannu sai ya tambaye ni tun yaushe toron yake yi mata haka. Na gaya masa duka, da turken, da igiyar da nake ɓoyewa ranar Talata. Na ɗauka fushi zai yi. Ya dubi toron, wanda ya riga ya miƙe yana gyara gashinsa a gindin bango kamar ba shi ba.

"Wanga ai na yanka na. Agwagi biyu ya kashe man a Bakura, shi ya sa nic cire shi, nic ce a yi miki farfesu kina jego. Da nid dawo nig ga kin bar shi, sai nic ce ko sonshi kike. Shi ya sa nike tambaya, don ki ji daɗi."

Ban san ko dariya zan yi ko ihu ba. Shekara biyu ina ciyar da abin da na tsana don kada ransa ya ɓaci, shi kuma shekara biyu yana yabon abin da ya san mugu ne don kada nawa ya ɓaci. Haushinsa ya kama ni, da na maigida, da na matan da suka zo taya ni jego suka kwance toron ranar da aka kawo shi ba su tambayi kowa ba, amma nawa ya fi, don ni na binne duron, ni na bar turmin, ni kuma na durƙusa ina amsa lahiya lau ina ji ana kashe ta. Baba ya ce in miƙo wuƙar kuma. Shi da kansa ya kama toron ya yanka, toron bai ko yi masa gardama ba. Ranar bai shiga kasuwa ba, ya hau mashin ya koma Bakura, kunun ma bai sha ba.

Farar ni na fige ta da hannuna. Da na buɗe cikin na tarar da ƙwai jere, ƙanana da manya, jajaye kamar 'ya'yan kanya, guda ɗaya kuma har ya yi ɓawo, fari, ya sauko. Na zauna a kan turmi na daɗe ban motsa ba. Daga baya na soya naman da kyau yadda ba zai lalace ba, na zuba a kwano mai murfi, ban ɗanɗana ko tsoka ba. Maigida da ya dawo ya ce a kira ɗan Goggo a waya a faɗa masa, ya san yadda zai gaya mata. Na ce a hannuna ta ba ni, ba a waya ba.

Washegari na bar yarinya wurin maƙwabciya na shiga motar Maradun. A hanya kowa ya yi shiru, direba yana ta leƙen gaba, in mun hango mashin daga nesa sai a daina ko tari har ya wuce. Ni kuwa ba hanyar ce take damuna ba, kwanon da yake kan cinyata ne.

Na sami Goggo a ƙofar ɗakinsu tana tsince shinkafa a faifai. Ta yi murna, ta ce maraba da mutanen Mafara, ta jawo mini tabarma. Muka gaisa har ƙarshe, ban tsallake ko ɗaya ba. Sannan na tura kwanon gabanta. Ta buɗe, ta duba, ta ɗago ta dube ni. Macen da ta yi shekara arba'in tana kiwon agwagi ba sai an gaya mata naman mene ne ba, kuma ta ga ƙanƙantar cinyar.

Na ba ta labarin tun daga farko, ban rage laifina ba, har da ƙaryar da nake yi mata ranar Juma'a. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambaya ko an samu yankawa, na ce an samu, Baba ne ya yanka. Ta ce to madalla. Ta ɗan jima tana juya murfin a hannu.

"Da ƙwai cikinta?"

Na yi niyyar in ce babu. Na ce akwai, Goggo, ɗaya har ya yi ɓawo.

"Ashe ta kusa," in ji ta.

Ta rufe kwanon. Ta kira matar ɗanta ta ce a rarraba wa mutanen gidan, kowane ɗaki a kai musu, ita haƙoranta ba sa son nama. Na ce zan nemo mata wata fara, ko a ina take, in Allah ya yarda kafin ta tashi komawa. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ce kada in wahalar da kaina, wata fara ai ta wasu ce. Ta ce da ma ɗanta ya daɗe yana son ta yarda a je a kwaso sauran kwanon rufin gidan na Dosara kafin a sace, ita ce take hanawa. In ya dawo da yamma za ta ce masa ya je ya kwaso.